Gyado, gonar mutane da mafarauci

Ga wata tambaya. Dabbar daji ta shiga gonarka da dare, ta tone rogo, ta karya masara. Da safe sai ga mafarauta da karnuka sun biyo sawunta, suna son su ratsa cikin shukarka. Za ka bar su su shiga, ko za ka hana su? In ka hana, dabbar za ta dawo gobe. In ka bari, wataƙila ƙafafun mutane da na karnuka su yi maka ɓarnar da ta fi ta dabbar.

Wannan magana ta shafi manomi, ta shafi mafarauci, ta kuma shafi hukuma. Za mu duba yadda take a nan Maradi da Tibiri da Jiratawa. Daga nan mu leƙa Amurka, inda aladun daji suka gagari masu bindiga, mu ga abin da za mu ƙaru da shi.

1. Wane ne gyado?

Gyado, wasu na ce masa gadu, wasu kuma mugun dawa. Ɗan uwan alade ne, amma shi a daji yake zaune tun asali. Yana da haure masu lanƙwasa sama, da wasu ƙulluttai a fuska. In zai ci abinci sai ya durƙusa bisa gwiwoyin gaba, ya tona ƙasa da hanci. In ya tsorata sai ya miƙe wutsiya sama ya ruga. Cikin rami yake kwana, sau da yawa ramin da dabgi ya gina. Da baya yake shiga, don haurensa su tsare ƙofa.

Abincinsa ciyawa ce da saiwoyi. Amma in ya samu gonar gujiya, ko rogo, ko dankali, ko masara, to, ya samu biki. Garke guda na iya lalata aikin wata biyu a dare ɗaya. Musulmi ba ya cin namansa, don haka mafarautanmu ba don tukunya suke binsa ba. In ya dami gonaki ne ake tasar masa.

Gyado mace na haihuwa sau ɗaya a shekara. Cikinta na yin wata biyar da rabi zuwa shida, ƴaƴan kuwa galibi 2 ne zuwa 4. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

2. Yadda kakanninmu suka tsara farauta

Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi su suka kafa sarautar Maradi a farkon ƙarni na 19. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836. A lokacin nan kwarin Gulbin Maradi kurmi ne. Gonaki na kusa da gari, daji na bayansu, namun daji na cikinsa.

Farauta sana'a ce mai tsari. Mahalba na da shugabansu, sarkin baka. Yaro ba ya ɗaukar baka ya shiga daji don kansa, sai ya bi uba ko ubangida ya koya. Anna kuma suna da al'adar buɗin daji. Bayan an gama girbi, manya su taru su buɗe daji, sannan a fita babbar farauta. A ƙasar Nijar, buɗin dajin Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, shi ya fi suna.

Ku duba hikimar da ke cikin wannan tsari. Da damana, lokacin da hatsi ke tsaye, ba mai ratsa gonar wani da karnuka. Da yawa daga namun daji ma a lokacin suke renon ƙanana, sai su samu hutu. Da rani kuwa, an kwashe amfanin gona, iyakoki sun kwanta, mafarauci ya bi zomo daga wannan gona zuwa waccan, ba mai ce masa kanzil. Ashe gona tana da watannin da take ta mai ita shi kaɗai, tana da watannin da jama'a ke ratsa ta.

3. Yadda daji ya ƙare

Zamanin Turawa noman gujiya ya bunƙasa a ƙasar Maradi. Aka yi ta sassabe ana faɗaɗa gonaki. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin Maradi, aka tashi daga kwari aka koma tudu. Mutane kuma suna ta ƙaruwa. A ƙidayar 1977 mutanen jihar Maradi ba su cika miliyan 1 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 3 da dubu 400. Kowane baki na son hatsi, kowane magidanci na son gona. Ga fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa. Bindiga kuma ta yawaita.

Sai manyan namun daji suka ja da baya. Cikin shekarun 1980 da 1990 giwaye kan shigo dajin Baban Rafi, kudu da Maradi, daga dazuzzukan Katsina ta Najeriya, har manoman gefen dajin su kwana suna gadin gonaki. Yau yaron da aka haifa a Maradi ko Tibiri sai ya girma bai taɓa ganin gyado da idonsa ba. Mai son ganin manyan namun daji sai ya nufi wuraren da gwamnati ta keɓe. Akwai gandun W a yammacin ƙasa, wanda aka kafa a 1954. Akwai gandun Gadabeji a arewacin jiharmu, wajen Dakoro, wanda aka keɓe a 1955, mai faɗin hekta dubu 76. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga wajen Kure an kai su can.

Amma fa akwai wani abu da ya sake. Tun 1983 manoman jihar Maradi suka fara sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su, a bar su su girma. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo cikin gonaki. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka a kudancin Nijar, musamman jihohin Maradi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5. Inda itace ya dawo, ƙananan dabbobi da tsuntsaye na samun maɓoya.

To, kun ga inda maganar take. Da, daji daban, gona daban. Yau ɗan dajin da ya rage kusa da mu cikin gonakin mutane yake. Duk wanda ya fita farauta, gonar wani zai taka.

4. Kukan manomi da kukan mafarauci

Masu ɓarnar gona a yau ƙanana ne: ɓeraye, gafiya, kurege, zomo, da tsuntsayen jan baki masu cin dawa da hatsi. Ƙanƙantarsu ba ta hana su ɓarna ba. Kurege na tone irin da aka shuka. Gafiya na cin rogo da dankali daga ƙarƙashin ƙasa.

A Jiratawa abin ya fi tsanani. Tun farkon shekarun 1980 aka gyara fili na sama da hekta 500 don noman rani, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Ana noman zogale, albasa, tumatir, tattasai da masara. Haka garake suke a fadamar gulbi har zuwa Tibiri. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, nan ne kaɗai kore, sai duk wani mai haƙori ya nufo wurin. Ga shi kuma rani shi ne lokacin farauta. Tsohon tsarin da ya ce da rani gona ta kowa ce bai san da noman rani ba.

Manomi na cewa: "Samari sun shigo mini da karnuka, sun tattake albasa, sun fasa hanyar ruwa, sun tone rami sun bar shi buɗe. Wasu ma wuta suke sa wa ramin gafiya, iska ta kwashe ta, ta cinye kara da harawar da na tara wa bisashena."

Mafarauci na cewa: "Ubana ya yi farauta a nan, kakana ya yi. Yanzu ko'ina shinge. Kuma gafiyar da nike kamawa, ai rogonsa take ci."

Kowannensu na da gaskiyarsa. Abin da ya ɓace tsakaninsu shi ne tsari.

5. Abin da doka ta ce

A farkon shekarun 1970, da gwamnati ta ga namun daji na ƙarewa, sai ta hana farauta a ƙasa baki ɗaya. Hanin ya daɗe shekaru da yawa. Daga baya aka yi doka mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa:

Ba a farauta sai da takardar izini. Takardun iri-iri ne, har da ta farautar gargajiya.

Ba a farauta sai cikin lokacin da hukuma ta buɗe.

An hana farauta da wuta, da guba, da abin fashewa. An hana farautar dare, an hana bin dabba da mota.

Akwai dabbobin da ba a taɓa su ko kaɗan, kamar giwa, raƙumin dawa, dorina da jimina.

Ma'aikatan gandun daji su ke ba da takarda, su ke kama mai laifi. In babbar dabba ta addabi gonaki, wajensu ake kai kuka.

Ta wajen gona kuwa, akwai dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993. Ta yarda cewa gonar da mutum ya gada bisa al'ada tasa ce, kamar yadda mai takarda ke da tasa. Ita ta kawo hukumomin filaye, waɗanda ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Kowace shekara kuma hukuma na tsai da ranar sakin gonaki, wato ranar da bisashen makiyaya ke iya shiga cin kara.

A taƙaice: naman daji ba na mai gona ba ne, doka ke tsaronsa. Gona kuma ba ta mafarauci ba ce. Takardar farauta izini ce ta kama dabba, ba ta ba kowa damar tattake shukar wani ba.

6. Labarin aladun Amurka

Mu namun dajinmu ƙarewa suka yi. A Amurka wata dabba ce ta yi yawa har ta zama annoba. Ita ce alade, wanda wasu ke kira gursunu. Can asali babu shi. Turawan Sipaniya suka kai shi, wani jagoransu mai suna De Soto ya sauka da aladu a Fulorida a 1539. Wasu suka tsere suka zama na daji. Daga baya masu son farauta suka kawo aladun dajin Turai suka saki, iri biyun suka gauraya.

Alade ya fi gyado saurin haihuwa nesa ba kusa ba. Mace na iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba. Cikinta wata uku ne da mako uku da kwana uku. Tana haihuwar ƴaƴa 5 ko 6, wani lokaci sau biyu a shekara.

Mu yi lissafi. A ce mace ɗaya na haihuwar 6 a shekara, 3 daga ciki mata, kuma ba wadda ta mutu. Ƙarshen shekara ta farko mata 4 ke nan. Shekara ta biyu 16. Ta uku 64. Ta huɗu 256. Mazan ma ba mu ƙirga su ba.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta aladun daji sun wuce miliyan 6, cikin jihohi sama da 30 daga 50 na ƙasar. Ta ce ɓarnarsu da kuɗin yaƙi da su na kai dala miliyar 1 da rabi ko fiye a shekara. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Suna tone gonakin masara da gujiya da shinkafa, suna cin ƴaƴan tumaki da awaki, suna ɓata ruwan sha, suna yaɗa cuta.

Jihar Teksas, wadda girmanta ya ɗara rabin ƙasar Nijar, ita ta fi kowace yawansu. Masana na can sun lissafta cewa sai an kashe kusan biyu cikin kowane uku a shekara kafin yawansu ya tsaya wuri ɗaya. A 2010 abin da aka kashe bai kai rabin haka ba. A 2011 jihar ta yarda a biya kuɗi a hau jirgi mai saukar ungulu a harbe su daga sama. A 2019 ta ce ana iya farautarsu ko ba takarda, in dai mai fili ya yarda. Duk da haka ba su ƙare ba.

7. Me ya sa farauta ta kasa?

Dalili na farko shi ne shinge. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Teksas filayen mutane ne, ba a shiga sai da yardar mai shi. In wannan ya buɗe filinsa, maƙwabcinsa ya rufe, sai aladu su kwana a rufaffen, da dare su fito su ci buɗaɗɗen. Wasu masu fili na rufewa ne don tsoron baƙo da bindiga, kada ya harbi saniya ko ya bar ƙofa buɗe.

Dalili na biyu kuɗi ne. Wasu masu fili na karɓar kuɗi wajen mafarauta kafin su shiga. Wanda alade ke kawo wa kuɗi, yaya zai so alade ya ƙare? Har an samu masu ɗaukar aladu a mota, su kai su wata jiha su saki a ɓoye, don su samu abin harbi kusa da gida. Wannan na cikin abin da ya yaɗa su.

Dalili na uku, alade na da wayo. In aka harbi ɗaya ko biyu cikin garke, sauran su watse, su koma fita da dare, su daina kusantar tarko.

Shi ya sa jihar Mizuri ta bi wata hanya. A 2016 ta hana farautar aladu a dazuzzukan da ke hannun hukumarta ta kula da daji. Ma'aikata su ke zuwa, tare da yardar manoma, su yi kwanaki suna zuba masara wuri ɗaya har garken ya saba, sannan su rufe shi duka cikin babban tarko.

Faransa kuma tata dabarar daban. Can ma aladun daji sun yi yawa, waɗanda aka kashe a kakar farautar 2021 zuwa 2022 sun wuce dubu 800. Tun dokar 1968, kuɗin mafarauta ne ake biyan manoma diyyar ɓarnar da aladu suka yi musu.

8. Abin da za mu iya yi a garuruwanmu

Dabba ba ta san iyakar gona ba. Manomi ɗaya ba ya korar gafiya daga fadama in maƙwabtansa sun naɗe hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari:

Bayan girbi, maigari ya tara manoma da mafarauta da makiyaya, tare da ƴan Kofo da ma'aikacin gandun daji. A tsai da ranar fara farauta da ranar rufewa, daidai da abin da hukuma ta buɗe.

A faɗi wuraren da ba a shiga da karnuka: garake, filin noman rani, gonar rogo, da wurin da ake renon ƙananan itatuwa.

In ɓeraye ko gafiya sun yi yawa a fadama, ƙungiyar masu noman rani ta sa rana ɗaya, kowa ya fito, a bi garake duka tare. A gayyaci mafarauta, don su suka san rami.

Wanda ya tone rami ya cike shi. Wanda ya yi ɓarna ya biya, dattawa su kimanta.

Kada a sa wuta. Kada a zuba guba a fili, don kaji da awaki da yara na bin wurin. Kada a kashe mujiya da shaho, su ke rage mana ɓeraye.

Kada kowa ya ɗauko wata dabba daga wani wuri ya saki a dajinmu. Rigakafi ya fi magani.

Neman izini kuwa ba shi da wuya. Ga misali:

"Salamu alaikum, Baba, barka da aiki."

"Barka kadai, samari. Lahiya?"

"Lahiya lau. Mun ga ramin gahiya bakin shingenka. In ka yarda mu tone shi."

"To, ku ɗaure karnukanku waje, mutum biyu su shigo. Ku bi ta bakin kunya, kar ku taka mini albasa. In kun gama ku cike ramin."

"An gama, Baba. Mun gode."

Magana ta minti ɗaya ke nan. Manomi ya rabu da gafiya, samari sun samu abin da suka fito nema, ba a je gaban sarki ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne sunaye ake kiran gyado da su a garinku?
2. Me ya sa kakanninmu ba su yin babbar farauta da damana?
3. Faɗi hanyoyin farauta uku da dokar 1998 ta hana.
4. Ci gaba da lissafin aladu: mata nawa za a samu a shekara ta biyar?
5. Me ya sa wasu masu fili a Teksas ba su son aladu su ƙare?
6. A ƙauyenku ko unguwarku, wa ake tambaya kafin a shiga gona farauta? Ku tattauna, sannan kowa ya rubuta layi biyar.